Gwagwarmayar Malam Ukasha da Kyamarori Bakwai

Da sunan Wanda idonsa ba ya gyangyaɗi muke buɗe wannan babi, kuma da yardarsa za mu warware salsalar gwarzon da alƙaluma suka daɗe suna jin kunyar rashin ambatonsa. Shi ne Malam Ukasha, ɗan Jatau, ɗan Mantau, ɗan Gwadabe Mai Hange, zuri'ar da aka hore wa baiwar sa ido tun kafin gilashi ya shigo ƙasar nan. Kakan kakanni Gwadabe shi ne ya riƙa hawa ƙololuwar kuka don ya hango wa gari abokan gaba, ya shekara uku yana hawa safe da yamma, bai taɓa hango kowa ba sai surukarsa tana tafe da ƙunshin kayan kwana. Mantau kuwa shekara talatin ya yi yana gadin ƙofar gari ba fashi ba makara, duk da cewa ganuwar da ke riƙe da ƙofar ta zube tun yana saurayi, jama'a suna shigewa ta damansa da hagunsa suna yi masa sannu da aiki. Jatau, mahaifi, shi ne mutum na farko da ya sa tabarau a garin Tudun Gauta, kuma malaman tarihi sun yi ittifaƙi a kan cewa babu gilashi a jikinsa.

Daga wannan tsatso mai albarka Ukasha ya fito, ya yi shekara talatin da biyar yana tsaron ɗakin fayil a sakatariyar ƙaramar hukuma, har ya ajiye aiki da mutuncinsa da tarin da ƙurar takardu ta bar masa. Maroƙan da ba su taɓa yi masa kirari ba, da sun yi, ga abin da za su ce: Ukasha na Jatau, zakin ɗakin fayil, wanda gara ta hango ta canja hanya! Mai biro uku a aljihu, ja da baƙi da wanda ba ya rubutu! Barden da bai taɓa ɓatar da takarda ba, sai dai a neme ta a rasa!

Bayan haka, ku sani ya ku masu sauraro, a shekara ta biyu da hawan ciyaman mai ci, a watan da tumatir ya yi araha har ana roƙon mutane su ɗauka, hukuma ta kafa kyamarorin tsaro guda bakwai a kan falwayoyin kasuwar Tudun Gauta. An yi taro, an yanka ƙyalle, an sha lemo, an shelanta cewa daga ranar ko allura ta faɗi a kasuwa hukuma za ta san mai ita da mai ɗaukarta. Wata takwas suka shuɗe. Ran nan sai Sakataren ƙaramar hukuma, Alhaji Mamuda, ya aika a kirawo Malam Ukasha, shi kuwa Malam ya je ya same shi yana cin gyaɗa a ofis.

"Malam Ukasha, daga sama aka ce a rubuto ko kyamarorin nan suna aiki," in ji Sakatare, yana ɓare gyaɗa. "In suna yi a ƙaro wasu a tasha, in ba sa yi a san abin yi. Tunda kana zaune ba abin da kake yi, ɗan zagaya ka duba mana. Ko layi biyu ne ka kawo ranar Alhamis."

Haka kunnen talaka zai ji maganar. Amma kunnen jikan Gwadabe ba haka ya ji ta ba. Shi abin da ya ji shi ne an ɗaura masa tuta, an damƙa masa amanar al'umma, an ce tsaron rayuka da dukiyoyin bayin Allah ya rataya a wuyansa daga yau har zuwa Alhamis. Aka ba shi takarda mai hatimi wadda ta naɗa shi Shugaban Kwamitin Tantance Ingancin Na'urorin Sa Ido. Kwamitin na mutum uku ne, sai dai ɗaya ya tafi Legas sarin kaya, ɗayan kuma bincike ya tabbatar ya rasu tun bara. Saboda haka runduna ta taru a jikin mutum guda, shi ne kwamanda, shi ne dakare, shi ne mai ɗaukar tuta.

Ranar Litinin ya fara kai farmaki na farko, wato jin ra'ayin jama'a. Ya shiga kasuwa da littafi da biro baƙi, yana tsare bayin Allah yana yi musu tambaya. Mai manja ya rantse tun da aka kafa na'urorin sata ta ragu. Maƙwabcinsa mai gishiri ya rantse ta ƙaru. Wani dattijo mai sayar da igiya ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon falwaya, sannan ya ce shi duk zamansa ya ɗauka fitilu ne da suka ƙi kamawa, har yana yi wa gwamnati uzuri. Malam Ukasha ya koma gida da shafi huɗu cike da maganganun da kowacce ke ƙaryata 'yar'uwarta, ya zauna a kan tabarma ya shiga tadabburi mai zurfi irin na hukama'u, har tuwonsa ya huce.

A cikin wannan zurfin tunani ne hikima ta sauko masa. Kyamara dai don ɓarawo aka yi ta. Ba za a san tana aiki ba sai ɓarawo ya yi sata a gabanta. Ɓarayi kuwa mutane ne marasa tsari, ba sa aiko da sanarwar ranar da za su zo, ga Alhamis tana matsowa. Ashe ke nan babu makawa, wajibi ne wani amintaccen bawan Allah ya sadaukar da kansa ya yi satar da hannunsa, don ilimi ya tabbata. Ya duba gabas ya duba yamma, bai ga amintaccen da ya kai shi ba.

Ranar Talata ya je rumfar Ɗanjuma mai kabewa, wadda ke daidai ƙarƙashin falwaya ta bakwai, ya zayyana masa dabarar yaƙi tun daga farko har ƙarshe. Ɗanjuma mutum ne mai sauƙin kai, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ba komai, Malam. Gobe ka zo ka ɗauki guda ka ruga. Ni kuma zan ɗan yi ihu kaɗan-kaɗan, don abin ya yi kyau."

Suka yi musabaha, aka ƙulla alkawarin da tarihi ba zai manta ba. Abin da jarumi bai sani ba shi ne, ƙaddara ta riga ta aiko da nata jakadan cikin haƙorin Ɗanjuma na can ƙurya. Kafin gari ya waye kumatunsa ya kumbura ya yi suntum, ko sunansa ba ya iya faɗa, aka ɗora shi a babur aka nufi wajen mai cirar haƙori. Rumfa kuwa yayarsa ce ta zauna masa, Iya Tabawa, wadda ba ta ji labarin wani alkawari ba ko a mafarki.

Wajibi ne mu dakata mu ba wannan baiwar Allah haƙƙinta, domin ba a rubuta tarihin yaƙi a tauye abokin karawa. Iya Tabawa ce, guguwar layin 'yan kayan miya, wadda muryarta ke tashin tattabarun masallacin Juma'a daga nisan zango guda. Ta aurar da 'ya'ya tara, ta yi jika ashirin da ɗoriya, kuma har yau ba a haifi mai yi mata ragin da ba ta yi niyya ba.

Laraba ta zo, ranar cin kasuwa, ranar da aka rubuta. Da hantsi Malam Ukasha ya tashi ya yi shirin fita fagen fama. Ya tuɓe farar rigarsa, domin hankali ya nuna masa cewa farin kaya bai dace da ɓarawo ba, ya zura wata tsohuwar babbar riga mai ruwan ƙasa. Ya ɗaure mazagin wando ɗauri biyu. Ya jera birukansa uku a aljihu kamar kibau a kwari, ya cusa littafinsa, ya kafa hula, ya gyara tabarau, ya zura silifa. Ya tsaya a tsakar gida ya dubi uwargidansa Hansai da idon wanda bai san ko zai dawo ba, ya ce ta yafe masa duk abin da ya taɓa yi mata.

"Na yafe," in ji Hansai, ba ta ko ɗago daga tankaɗe ba. "In ka shiga kasuwar ka taho mana da daddawa."

Da wannan bankwana mai ratsa zuciya sadauki ya fita. Takardar naɗinsa mai hatimi kuwa tana nan lafiya lau cikin aljihun farar rigar da ya rataye a bayan ƙyaure.

Ya kutsa kasuwa a lokacin da ta cika ta batse, masu baro suna ihun a ba su hanya, mahauta suna sara, 'yan gwanjo suna kaɗa ƙararrawa. Ya laɓe a bayan buhunan kanwa ya leƙa sansanin abokan gaba. Maimakon Ɗanjuma sai ya hangi wata dattijuwa mai faɗin kafaɗa zaune a kan kujera 'yar tsugune, tana shan rake. Da wani mai ƙaramin ilimi ne, da ya tsaya ya yi tambaya. Amma Malam Ukasha nan take ya gane abin da ake ciki: lallai Ɗanjuma ya fi yadda ya zata basira, ya sako yayarsa ne don gwajin ya ƙara kama da gaskiya. Ya jinjina wa wannan hikima a ransa. Ya fito daga maɓoya, ya tako da ƙasaita har gaban rumfa, ya dubi Iya Tabawa, ya kashe mata ido ɗaya alamar an fahimci juna.

Iya Tabawa ta daina tauna.

Jarumi ya sunkuya ya rungumi kabewar da ta fi kusa da shi, wata ƙatuwa da ke zaune ita kaɗai a gefen kwando. Saboda tsananin adalcinsa ga na'ura, bai ruga nan take ba. Ya juya ya fuskanci falwaya, ya ɗaga kabewar sama da kansa da hannu biyu, ya nuna wa kyamara fuskarsa ta dama, ya nuna mata ta hagu, ya ɗan cire tabarau don kada ta ce ba ta gane shi ba. Sannan ya cika ƙirji da iska ya saki kururuwar yaƙi:

"Aikin hukuma!"

Ya zuba da gudu.

"Ɓarawooo!" in ji Iya Tabawa. "Jama'a ɓarawon kabewa! Tsohon banza mai kashe wa mutane ido! Ku tare min shi!"

Ko a cikin gudu sai da Malam Ukasha ya yaba da ihun, duk da ya ga ya ɗan zarce kaɗan-kaɗan ɗin da aka yi alkawari. Ya waiwaya don ya yi mata alamar ta sassauta, sai ya ga abin da ya daskarar da jinin jikinsa: Iya Tabawa ta ci ɗamara da mayafi, ta ɗaga sandar rakenta mai gaɓa shida kamar mashi, ta tsallake kwandon tattasai tsalle guda, a bayanta kuwa runduna tana haɗuwa daga kowace kusurwa, mai tsintsiya da mai ludayi, mai sikeli da mai murfin tukunya, har da waɗanda ba su san abin da ake bi ba amma suka ga bai kamata a bar su a baya ba.

A nan fa yaƙi ya kacame. Ya alƙalami, yi ƙarfin hali! Barden ɗakin fayil, wanda rabonsa da gudu tun ranar da kare ya bi shi a shekarar da aka canja kuɗi, ya keta layin 'yan tumatir kamar iskar bazara, ya bar silifarsa ta hagu a can ta zama ganimar abokan gaba. Ya faɗa layin 'yan kaji, keji ya kife, zakaru huɗu suka sami 'yancin da ba su nema ba. Ya karya kwana ta wajen 'yan gwanjo, wata rigar sanyi ta maƙale masa a hula tana kaɗawa a bayansa kamar tutar runduna. Duk wannan bala'i kabewa tana ƙirjinsa, bai sake ta ba, domin ita ce hujja, ita ce bayyina, ita ce amanar kwamiti.

"Tantancewa ce!" yake ihu yana haki. "Bincike ne! Ku tambayi Sakatare!"

"Ku tare shi!" in ji runduna. "Har sakatare gare su!"

A daidai layin masu gawayi ne musiba mafi girma ta auku. Mazagin wandon da aka ɗaure ɗauri biyu, wanda ya yi wa gidan Jatau hidima shekara goma sha ɗaya ba tare da ƙorafi ba, ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya tsinke. Jarumi ya tsinci kansa tsakanin wajibai biyu: hannu biyu gare shi, kabewa tana neman biyu, wando yana neman ɗaya. Ya yi ijtihadi cikin ƙiftawar ido, ya maƙale kabewa a hammata, ya damƙe wando da hagu, ya ci gaba da wani irin tafiya da ba gudu ba, ba rawa ba, wanda har yau masana ba su sama masa suna ba. Taku bakwai ya yi a haka. A na takwas ya taka ɓawon ayaba, ƙasa da sama suka yi musanyar wuri, ya faɗa zaune daɓas cikin wani baro da aka cika da ganyen yakuwa.

Kafin ya gyara tabarau an yi masa zobe. A nan wasa ya ƙare, domin duk wanda ya san kasuwa ya san abin da ke biyo bayan kalmar ɓarawo. Ya ga hannaye sun tashi sama, ya ga wani ƙato yana tuɓe takalmi, ya ji sandar rake ta sauka a kafaɗarsa sau biyu, tim, tim. Ya tuna shekara talatin da biyar da ya yi ba a taɓa kama shi da ko ƙusar takarda ba, ya tuna a sahun gaba yake salla, ya tuna surukansa a layin 'yan goro suke da rumfa.

"Kai! Ku dakata! Kada wanda ya ƙara taɓa shi!"

Sarkin Kasuwa ne, Alhaji Bawale, ya ratso taro da sandarsa. Ya sunkuya ya cire rigar sanyin da ta rufe fuskar mai laifi, ya ja da baya.

"Subhanallahi. Malam Ukasha? Kai ne?" Ya rage murya cikin tausayi. "Haba Malam, in abin ya kai haka ai sai ka yi magana. Wa zai hana ka kabewa?"

Wannan tausayi ya fi sandar rake zafi. Jarumi ya miƙe cikin baro iyakar yadda mai riƙe da wando zai iya miƙewa, ya shelanta muƙaminsa da sunan kwamitinsa, ya ce yanzu zai nuna takarda mai hatimi kowa ya ji kunya. Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu. Abin da ya fito da shi biro ne, wanda ba ya rubutu.

"To a kira Ɗanjuma!" in ji jarumi.

"Ɗanjuma yana can an cusa masa auduga a baki," in ji Iya Tabawa. "Kuma ko yana nan, shi ya ce ka kashe min ido?"

"A je ɗakin kyamara!" in ji Malam Ukasha. "Jiya a ƙarƙashin falwaya muka yi alkawari da shi, har da musabaha. Na'ura ta gani. Na'ura ba ta ƙarya!"

Aka ba shi igiya ya ɗaure ƙugu, aka tasa shi gaba da kabewarsa, kasuwa guda ta bi bayansa zuwa wani ɗan ɗaki da ke jikin ofishin Sarkin Kasuwa. Mai kula da ɗakin shi ne Injiniya Sagiru, magidanci mai tumbi da sanyin hali, wanda aka samu yana barcin hantsi a gaban talabijin bakwai, kewaye da wayoyin jama'a kusan hamsin da ke shan caji daga batirin hukuma. Ya farka ya ga taro, ya yi salati, ya fara kunna talabijin ɗaya bayan ɗaya. Malam Ukasha, duk da halin da yake ciki, ya zaro littafinsa da biro ja, domin aiki aiki ne.

Ta farko ta nuna sararin samaniya, shuɗi tas, da gefen wutsiyar wata kurciya da ta yi sheƙa a kanta. Ta biyu duhu ne ƙirin. Injiniya ya ce zanzaro ne ya yi gini a kan gilashin tun da damina, kuma shi ba zai hau ya rushe wa halittar Allah gida ba. Ta uku ta fito tar, ba abin da ba a gani, sai dai babu komai a cikinta sai wani jan babur da ke jingine a bango.

"Na wani tela ne," in ji Injiniya. "Shi ya sa tsani ya juyo ta. Kuma gaskiya wata takwas ke nan ba a taɓa masa ko madubi ba."

Malam Ukasha ya rubuta: nasara, amma ta mutum ɗaya.

Ta huɗu ba ta kama ba sam, domin da wayarta ake shanyar kayan gwanjo. Ta biyar kuwa tana kallon ta shida ne ido cikin ido, don kada a sace ta, ita ma ta shida tana kallon ta biyar saboda wannan dalilin, kuma dole a yi musu adalci, duk biyun suna nan.

Saura ta bakwai.

"Nuna mana jiya, wajen azahar," in ji jarumi.

Injiniya ya sosa ƙeya. "Jiya kam, Malam, an yi hadari, sola bai ja ba. Ga wayoyin mutane. Sai na ɗan kashe ta."

"To na yau fa?" in ji Sarkin Kasuwa.

"A'a, yau ai rana ta buɗe."

Ya danna. Jama'a, tun da aka ƙirƙiri na'ura ba a taɓa ganin hoto mai kyan wannan ba. Ga Malam Ukasha yana leƙe daga bayan buhunan kanwa. Ga shi yana takowa. Ga ƙiftawar idon nan, ta fito ɓaro-ɓaro har ana iya ƙirga gashin girarsa. Ga shi ya ɗaga kabewa sama, ya nuna dama, ya nuna hagu, ya cire tabarau. Zuciyar gwarzo ta rabu biyu, rabi tana kukan mutuncin da ya zube, rabi tana alfahari da ingancin hoton. Ya rubuta: ta bakwai tana aiki ƙwarai.

Sai ga Iya Tabawa ta bayyana a talabijin, ta ci ɗamara, ta tsallake kwandon tattasai. Ita kuwa ta gaske, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta saki sandar rake ta dafe ƙirji.

"La ilaha illallahu! Ni ce wannan? Ni ce na yi wannan tsallen? Kai Injiniya, maido shi baya!"

Aka maido. Ɗaki ya kaure da sowa. Aka sake maidowa, waɗanda ke waje suka ce ba su gani ba, aka buɗe taga. Ƙaton da ɗazu ya tuɓe takalmi ya hango kansa a gefen hoto yana gudu, ya riƙa nuna wa mutane yana cewa ga shi nan, ga shi nan, mai jar hula. Sau biyar aka kalli tsallen, kowane karo ana tafi, rundunar da ta zo zubar da jini ta koma 'yan kallo, har wani ya fara zagayawa da gyaɗa. A karo na shida ne Iya Tabawa ta matso kusa da talabijin ta ƙanƙance ido.

"Tsaya. Tsayar da shi nan. Wacce ma ya ɗauka? Ta gefen kwando?"

Ta juyo ta karɓi kabewar daga hammatar jarumi, ta juya gindinta sama, ta danna da babban yatsa. Yatsan ya shige har gaɓa ta biyu. Wani wari ya tashi wanda ya sa na kusa da taga suka ba da wuri.

"Ai wannan ruɓaɓɓiya ce. Tun da safe na ware ta, zan aika wa akuyar ƙawata Lantana. Yo da ka tambaya ai da na haɗa maka da ta biyu."

Sarkin Kasuwa ya gyara murya ya yanke hukunci: abin da mai shi ya riga ya zubar ba dukiya ba ne, ɗaukarsa kuwa ba sata ba ce, taimakon kwashe shara ne. Saboda haka Malam Ukasha ba shi da laifi, a ba shi silifarsa ya tafi.

Da wani ne da ya yi hamdala. Amma jikan Gwadabe ya hango abin da jama'a ba su hango ba. In ba a yi sata ba, to kyamara ba ta kama ɓarawo ba. In ba ta kama ɓarawo ba, gwaji ya rushe, gudu ya tashi a banza, mazagi ya yi shahada a banza.

"Ranka ya daɗe, ban yarda ba!" ya ce. "Wallahi sata na yi! Da niyyar sata na fito daga gida! A rubuta ni ɓarawo ne!"

"Haba Malam, kai da kowa ya san halinka," in ji Sarkin Kasuwa.

"Ku duba hoton! Ku dubi idona a ciki!"

"Allah Ya ba ka lafiya, Malam," in ji jama'a, suna watsewa.

Iya Tabawa ta ɗora masa kabewar a hannu, ta ce tunda hanyarsa ce, ya biya ta bayan makarantar allo ya miƙa wa akuyar, kuma ya gaida Hansai.

Haka sadaukin da ya ci kasuwar Tudun Gauta da yaƙi ya kama hanyar gida da rana tsaka, igiya a ƙugu, ganyen yakuwa a hula, ganima tana ɗiga masa a riga. Yana tafe yana tsara muƙaddimar rahotonsa a zuci, shafi goma sha biyu in Allah Ya yarda, sai wayarsa ta yi ƙara. Sakatare ne.

"Malam Ukasha, af, na manta ban gaya maka ba. Kada ka wahalar da kanka. Sun matsa mana, tun jiya muka aika rahoton. Mun ce duka bakwai suna aiki lafiya lau. Har sunanka mun sa a ƙasa."

Jarumi ya buɗe baki zai yi magana, katin wayar Sakatare ya ƙare.

Ya isa bayan makarantar allo ya tarar da akuyar Lantana a ɗaure a gindin dalbejiya tana cin wani tsohon kwali. Ya durƙusa ya ajiye ganimar yaƙi a gabanta da hannu biyu, cikin girmamawa irin wadda ake miƙa wa sarakuna makullan birni. Akuya ta matso. Ta sunsuna ta dama, ta sunsuna ta hagu, ta ɗago ta dube shi. Sannan ta yi atishawa, ta juya ta ci gaba da cin kwalinta.

Iyakar abin da ya inganta daga bakin waɗanda suka halarta ke nan, kuma a nan tawada ta ƙare.